Shuɗin ƙwan fitila ba ya ƙara haske

Mai bin hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi da dare ya saba haɗuwa da motoci masu fitila shuɗi-shuɗi da ke kashe ido tun daga nesa. Masu su na ganin sun ƙara haske, alhali ragewa suka yi.

Ƙwan halojin irin H4 (mai dim da ful a ƙwai ɗaya) mai wat 60/55 yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) kusan 1,000 a dim, 1,650 a ful, kuma galibin haskensa ja ne da ruwan ɗorawa. Shuɗin fentin da ke jikin gilashin matatar haske ce kawai. Tana tare ja da ruwan ɗorawan, ta bar ɗan shuɗin da dama bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tsaya gaban motar zai ga fitilar ta yi fari fes, amma direban da ke neman rami ko saniya a bakin kwalta ya yi asara. Ga shi shuɗin haske ya fi damun ido, ko a idon mai tahowa, ko idan hazon hunturu ya maido wa direba da shi.

Da mutum ya lura hanya ta yi duhu, sai ya sa ƙwai mai wat 100/90. Wayar da aka yi don amfiya (ma'aunin wutar da ke bin waya) biyar ta koma ɗaukar takwas, soket ya narke, madubin cikin fitilar ya dushe. An gudu ba a tsira ba.

Fenti ruwan ɗorawa ya fi sauƙin laifi, domin shuɗi kaɗai yake tarewa, asararsa kaɗan ce. Faransa ta tilasta shi a motocinta har zuwa 1993. A ganina wurinsa fitilar hazo ta ƙasa.

Mai son gani sosai ya sayi ƙwai marar fenti daidai da wat ɗin motarsa, kada ya taɓa gilashinsa da yatsa, don maiƙon hannu na sa ya ƙone da wuri. A goge murfin fitilar idan ya dafe. Sannan a tsayar da mota mita 10 daga bango a daidaitacciyar ƙasa, a kunna dim: iyakar hasken ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar.