Launin garin kuka a bangon falo

Ƙanwata ta turo mini hoton wani falo da ta gani a Instagram, bangonsa kore amma ba shar ba, an sirka shi da ruwan toka. Ta ce, "Yaya, irin wannan nake so a yi mini kafin in tare." Nan take na gane shi, domin shi ne a bangon falonmu a nan Manchester. Da a gida ne sai mu ce launin garin kuka, kukar da ta kwana biyu a kwalba.

Turawa sun kamu da son sa. Kamfanin Farrow & Ball mai yin fenti da ke Dorset a Ingila yana da irinsa da dama, har da wanda suka raɗa wa suna Pigeon, wato tantabara. A 2022 ma kamfanin Sherwin-Williams na Amurka ya zaɓi Evergreen Fog a matsayin launin shekara, kamfanin Benjamin Moore kuma ya ɗauki October Mist, duk 'yan gida ɗaya ne.

Ni ma ina ƙaunarsa ƙwarai. A watan Disamba a nan, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, kuma ko da tana nan, gajimare ya lulluɓe ta. Farin bango a irin wannan haske sanyi yake ƙara wa ɗaki, ka ji kamar kana zaune a asibiti. Shi kuwa wannan, da safe ya yi kore, da la'asar ya koma toka, in aka kunna fitila mai jan haske sai ɗakin ya yi ɗumi a ido. Manyan tagogin gidajen nan ne suke ba shi rai.

Amma na ce mata ta dakata. Ɗakin da za ta shiga a Kano na san shi: taga ƙarama da ƙarfen tsaro, katangar maƙwabci daf da ita, ga labule mai kauri saboda zafi. Rana na ƙuna a tsakar gida, ciki kuwa duhu-duhu. In aka ɗauke wuta aka kunna fitilar caji mai farin haske, koren nan guduwa zai yi, bangon ya zama kamar simintin da ba a taɓa shafa wa fenti ba. Sannan ga hunturu. Jar ƙura ta sauka kan fentin ruwa marar sheƙi, ki sa tsumma ki goge, sai tabo ya zauna. Shi ya sa iyayenmu suke yi wa rabin bango na ƙasa fentin mai, su bar sama da haske.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke kallon launukanmu kamar ƙauyanci. Magina da suka shafe soraye da makuba, suka yi wa ɗakuna farar ƙasa, suka cika ƙofar fadar Zazzau da zane masu launi shar, sun san ranarsu sarai, sun san launi marar ƙarfi ba ya jure mata.

A nan ana sayar da fenti a 'yan ƙananan gwangwanaye don gwaji kawai. Na ce ta sa mai fenti ya haɗa mata kaɗan, ya shafa faɗin tabarma a bangon da ke kallon taga, ta dube shi kwana 3: da safe, da azahar, da kuma dare in babu wuta. Ta ce to, za ta turo mini hoton na bayan magariba.