Bashin Siberiya

Teburin mai shayi a Ƙofar Mata, yayyafin farko ya sauka kenan, ƙura ta kwanta.

Mai Shayi: Kai jama'a ku ji ƙamshin ƙasa, wallahi ya fi turaren wutan kasuwar Kurmi.

Ɗan Boko: Ai ba ƙasar ce ke ƙamshi ba, wasu ƙwayoyin halitta ne a cikinta, bakteriya, tun kaka suke barci saboda bushewa, ruwa na taɓa su sai su farka su hau cin ganye da taki. Cokalin nan naka in ka ɗebo ƙasa mai kyau sai su kai biliyan 1.

Mai Shayi: Ajiye min cokali Farfesa, da shi nake juya wa mutane madara.

Alhaji: Tsaya tukuna yaro, biliyan ka ce? Nawa ake sai da mudu a Dawanau?

Ɗan Boko: Alhaji ido fa ba ya ganinsu.

Alhaji: To sai me, data ana ganinta ne? Ba gashi kullum muna saya ba.

Baba Manomi: Ni dai na san shekarar da na sa wake ko gyaɗa, gero na zuwa bayanta sai ya yi kyau, ban san ina da 'yan ƙwadago ba.

Ɗan Boko: Yauwa Baba, ƙullutun nan na jikin saiwar wake gidansu ne, daga iska suke haɗa maka taki. Amma ko'ina da yadda suke aiki, dajin Kongo ga zafi ga ruwa ba hutu, ganye na faɗowa kafin ka ce kwabo sun cinye shi. Mu nan sai damina. Siberiya kuwa, can a Rasha, ƙasar ce ta daskare, har gawar wata giwa mai gashi ake tonowa ta shekara dubbai ba ta ruɓe ba.

Baba Manomi: Ashe na can ma'aikatan gwamnati ne.

Ɗan Boko: Ƙaro min rabin kofi da biredi, ka rubuta.

Mai Shayi: Na watan jiya fa?

Ɗan Boko: Haba, ni ma rani nake ciki, bari alawus ya sauka in farka.

Mai Shayi (yana buɗe littafi): Damina uku kenan tana wucewa ta kanka Farfesa. Bashin nan a Siberiya na ajiye shi, ko kwabo bai ruɓe ba.

Alhaji: Ka sayar min da shi rabin kuɗi, na san gidansu.