Kafin a sayar da gona a kai yaro koyon tuƙin jirgi

Daren jiya bayan sallar isha'i Baffana ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama yi ba ya ce "ɗana, kai da kake harkar filin jirgi, ƙaninka ya dage shi fa sai tuƙin jirgin sama, har ya nemo wata jami'a a waya ya nuna min, na ce bari in ji ta bakinka kafin in sa gonar bakin titi a kasuwa." Sai da na yi shiru na ɗan lokaci har ya ce kana ji na kuwa. Gonar bakin titi fa, wadda kakanmu ya bari, wadda duk gidan ake cin masararta.

Ni ba matuƙi ba ne, kar wani ya zo ya ce na yi shigar burtu. Tikiti nake sayarwa, shekara da shekaru ina zirga-zirga tsakanin ofis da filin jirgin Malam Aminu Kano, lokacin Hajji da Umra kuwa kusan can nake kwana. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, na zauna da kyaftin-kyaftin, na sha shayi da injiniyoyi, na kuma ga yaran da suka gama karatun suka dawo da lasisi a jaka suna yawo ofis-ofis. Abin da na faɗa wa Baffa shi zan faɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Abu na farko da mutanenmu ba su rarrabewa: digiri daban, lasisi daban. Ba digiri ke tuƙa jirgi ba. Ko kana da digiri uku, in ba ka da lasisi daga hukuma, a Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA kenan, ko kujerar gaba ba za ka shinshina ba. Lasisin ma hawa-hawa ne, akwai na farko PPL wanda kake samu da awa 40 ko sama da haka a sama, shi wannan na tuƙa kanka ne da abokanka, ba a biyanka ko sisi. Sai CPL na neman kuɗi, wajen awa 200, ana ɗan rage wa wanda ya bi tsararren kwas na makarantar da aka amince da ita. A tsakani sai ka koyi tashi da na'ura zalla ba ka ganin komai a waje, sai ka koyi jirgi mai inji biyu. Can ƙarshe ATPL, na zama kyaftin a jirgin fasinja, shi kuma awa 1,500 ne. Duk wannan, ban da ATPL, makarantar tuƙi zalla za ta iya ba ka cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu in kuɗi da yanayi sun ba da haɗin kai. To in haka ne me ya kai mutum jami'a ya ɓata shekara huɗu ya biya kuɗin aji ga kuɗin tashi daban? Tambayar kenan, kuma tambaya ce mai kyau.

Amsata ita ce lasisin nan da ake ta rububi a kansa aro ne. Yana rataye ne a wuyan lafiyarka. Duk shekara sai matuƙi ya je gaban likitan hukuma an duba ido, kunne, zuciya, jini, fitsari, in shekaru sun ja ma duk wata shida ne. Ranar da likita ya girgiza kai, ranar aka sauke ka, ba ruwan kowa da miliyoyin da babanka ya kashe. Akwai wani bawan Allah da na sani, kyaftin ne da ake ji da shi, mutum mai raha, kullum in ya wuce ta gaban kantarmu sai ya tsokane mu. Wata rana na gan shi ba yunifom, jamfa da hula, ya zo sayen tikiti kamar kowa, na ce ranka ya daɗe yau hutu ake yi? Ya yi murmushi ya dafa ƙirjinsa ta hagu ya ce "wannan ce ta ce ya isa." Bai kai hamsin ba a lokacin. Abin da ya cece shi yana da karatu mai zurfi a fannin kiyaye haɗurra, yanzu koyarwa yake yi kuma kamfanoni na kiransa duba musu tsari, rufin asirinsa bai yaye ba. Na kuma san wani da irin haka ta same shi ba shi da komai sai lasisin, wallahi ba na son tuna yadda ya koma. Ko 2020 lokacin korona ai mun gani da idonmu, jirage a jere an rufe musu inji da leda, matuƙa a gida wata da watanni, wanda yake da wani abin yi a hannu shi ya ci abinci da daɗi.

To wannan ne babban amfanin jami'ar jiragen sama a wurina, kana fita da abu biyu, ɗaya likita zai iya ƙwacewa, ɗaya kuma naka ne har kabari.

Ku ɗauki Embry-Riddle ta Amurka, wadda ƙanin nawa ya nuna wa Baffa a waya. Tun 1926 take, tana da harabar Daytona Beach a Florida da ta Prescott a Arizona, kuma ba banza aka zaɓi wuraren ba, rana ce kusan kullum, yaro zai tashi yau ya tashi gobe. Wanda ya san yadda hazo ke rufe Kano da Zariya a watan Disamba da Janairu har jirgin fasinja ya kasa sauka, ya san abin da nake nufi, ɗalibi a ƙaramin jirgi sai dai ya zauna ya yi ta kallon sama. A irin wannan jami'a da safe kana aji ana koya maka yadda iska ke ɗaga fiffike, yadda hadari ke haɗuwa, yadda injin ke aiki ciki da bai, dokokin sama, da yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke yaudararsa in ya gaji, da yamma kuma kana cikin jirgi kana gwada abin. Kuma gwamnatinsu da kanta ta yarda karatun na da nauyi. Bayan haɗarin jirgin Colgan a watan Fabrairun 2009 kusa da Buffalo, inda mutum 50 suka rasu, sai suka yi doka cewa ko mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai yana da awa 1,500. Amma suka ce wanda ya yi digiri na shekara huɗu a fannin a jami'ar da aka amince da ita awa 1,000 ta ishe shi, mai karatun shekara biyu 1,250, wanda ya fito daga soja 750. Rangwamen awa 500 ba wasa ba ne, wata da watanni ne na rayuwar mutum. Abin mamakin ma, matuƙan jirgin Colgan ɗin su biyun duk sun haura awa 1,500 ɗin, kenan ba yawan awa kaɗai ba ne magana, irin horon da aka ba ka ne.

Sai dai fa wannan rangwamen na Amurka ne, a can yake aiki. In ka dawo gida ba wanda zai rage maka komai don ka yi Embry-Riddle, hasali ma sai ka zauna ka juya lasisinka zuwa na NCAA tukuna. Kuma da dala ake biya, a canjin yau. Na ce wa Baffa gonar bakin titi ko shekarar farko ba na jin za ta kai.

Akwai wani darasi da nake ganin mu 'yan Arewa mun fi kowa buƙatarsa, kuma ba a awa 200 ake gama koyonsa ba. Mu an tarbiyyantar da mu ba a gyara wa babba magana, in dattijo ya yi kuskure sai ka sunkuyar da kai ka ce haka ne ranka ya daɗe. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a gaban jirgi kisa take yi. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi haɗarin jirgi da ya ci rai kamarsa ba. Kyaftin ɗin da ya fara gudu ba tare da cikakken izini ba babban malami ne a kamfaninsu, na ƙasa da shi sun ji alamar akwai matsala, injiniyan ma ya yi tambaya, amma ba wanda ya iya taka masa burki da ƙarfi. Irin wannan ne ya sa aka shigo da darasi na musamman kan yadda ma'aikatan jirgi za su yi aiki tare, yadda yaro ɗan shekara 23 zai kalli kyaftin sa'an babansa ya ce kyaftin mun yi ƙasa da yawa, mu sake zagayowa, kuma ya faɗa da murya ba cikin ciki ba. Makarantun tuƙi ma suna koyarwa, ban ce ba sa yi ba, amma wanda ya shekara huɗu ana buɗe masa rahoton haɗurra ɗaya bayan ɗaya, ana sa shi ya yi musu da malaminsa a aji, abin ya fi shiga jikinsa. Ƙanin nan nawa ko ido ba ya iya haɗawa da Baffa in yana magana, shi nake tunani.

Yanzu ɓangaren da masu talla ba sa faɗa. Ranar da ka karɓi CPL, da digiri ko ba digiri, ba ka gama biya ba. Jirgin da ka koya da shi ƙarami ne mai kujera huɗu, kamfani kuma Boeing 737 gare shi ko Embraer, kowane irin jirgi sai ka yi masa kwas nasa daban a na'urar kwaikwayo an buga maka a lasisi, shi ne taif-retin da kuke ji ana faɗa, kuɗinsa dubban daloli ne kuma yawancin kamfanoninmu so suke ka zo da abinka. Sannan su ce suna son mai gogewa, kai kuma ina za ka samu gogewar in ba a ɗauke ka ba? Mu a Kano ai ba labari aka ba mu ba. Zamanin Kwankwaso na biyu gwamnati ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi, niyya mai kyau wallahi, yaran suka yi karatu suka dawo, da yawansu suka shekara da shekaru ba su hau jirgi ba saboda wannan gaɓar ta ƙarshe. Lasisi kuma ba a ajiye shi a akwati kamar satifiket ɗin sakandare, in ba ka tashi yana kwanciya, sabunta shi wani kuɗin ne.

Shi ya sa in za a tambaye ni wace makaranta, tambayata ta farko ba kyan gini ba ce, wane kamfani ne a bayanta? Habasha sun gane wannan tuntuni, makarantarsu ta kamfanin Ethiopian Airlines ce, a 2023 ta zama cikakkiyar jami'a, yaro yana karatu yana hango jiragen da zai iya shiga ta taga. Mu kuma tun da Nigeria Airways ta rushe a 2003 ba mu da wani babban kamfani na ƙasa da zai riƙa kwashe ɗalibai, sai 'yan kasuwa irin su Max Air da Air Peace da Rano, su kuma lissafin riba suke yi, ba laifinsu ba ne. Muna da NCAT, makarantar koyon aikin jiragen sama, a Zariya tun 1964, kwaleji ce ba jami'a ba, amma ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama da ba su ƙirguwa, kuma da naira ake biya, yaro na kusa da gida ga ABU a maƙwabta. Akwai ta Ilori. A Abuja an buɗe jami'ar jiragen sama a 2023, ta fara da kwasa-kwasai irin su kasuwancin jirage da ilimin yanayi, jaririya ce tukuna, a ba ta lokaci. 'Yan uwanmu na Nijar kuma suna da EAMAC a Yamai, can ake horar da masu ba jirgi umarni daga hasumiya da masana yanayi, aikin da yaranmu ba sa ko kallo saboda ba shi da hula mai zare, alhali ba jirgin da ke motsi sai da izininsu.

To ni dai ra'ayina, wanda Allah ya hore wa, ko ya samu sikolashif cikakke, ya tafi jami'ar jiragen sama kai tsaye, ta fi, ba na ko tantama. Amma ɗan talaka ko mai matsakaicin ƙarfi irin Baffa, ya haɗa wa kansa abin da hannu: yaro ya yi digiri a nan gida, injiniya ko lissafi ko fiziks a BUK ko ABU, ko ya nemi AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, in ya gama yana da shekara 22 ko 23 sai a shiga maganar tuƙi, ai sai 65 ake ritaya a jirgin fasinja, ina saurin yake? Kafin nan an ga ko son gaske yake yi ko yunifom ne da hoton Instagram ke ɗibarsa, Turancinsa ma ya nuna don sai ya ci jarrabawar magana da hasumiya mataki na 4. Kuma duk lissafin da za a yi a sa kuɗin taif-retin a ciki tun ranar farko, in kuɗin bai kai can ba kar a fara, gara a ce ba a tafi ba da a tsaya a tsakiyar kogi.

Baffa ya ce to yanzu me za a yi. Na ce Baffa kafin dillali ya taka gonar nan, a ba ni yaron in kai shi wurin likitan da hukuma ta amince da shi a yi masa gwajin lafiya aji na ɗaya, wanda ake yi wa mai son tuƙin neman kuɗi, kuɗinsa bai kai na buhun taki nawa ba. Akwai wani ɗan littafi da suke buɗe maka mai ɗige-ɗige kala-kala da lamba a ɓoye a ciki, akwai masu lafiya garau da ba sa iya bambance ja da kore kuma ba su taɓa sani ba sai ranar, ni da kaina na ga saurayi ya fito daga ɗakin nan yana hawaye bayan an riga an biya kuɗin makaranta. Mun tsayar da ranar Talata. Yaron dai tun jiya bai ɗaga wayata ba, wai na zuga Baffa.