Tukunyar maƙwabcina a dusar ƙanƙara da randar kakata

Ran Asabar da ta wuce wayata na nuna digiri 18 ƙasa da sifili. Na leƙa ta taga, sai ga maƙwabcina a bakin garejinsa, ya naɗe kai da hular sanyi, yana tsaye a kan wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Tururin da ke tashi ya daskare masa a gemu, ya yi fari fat kamar tsohon da ya shekara tamanin. Giya yake dafawa, a waje, a jihar Minesota ta Amurka, a tsakiyar Janairu.

Ba tallar giya na zo yi ba, ni kaina na daɗe da barin ta. Amma ni jikan mai burukutu ne. Da kuɗin randar kakata aka biya wa mahaifina makaranta a wani ƙauye na kudancin Kaduna, don haka ba zan ga ana dafa hatsi in wuce ba. Na zura riga uku na fita.

Dalilinsa na fita waje ba hauka ba ne. Lita 19 yake tafasawa awa guda cur a kan murhun gas, kuma irin wannan murhun in an kunna shi a rufaffen ɗaki hayaƙinsa mara wari kisa yake yi. Ga tururi da zai jiƙe bango, ga uwargida da ta ce ba a kicin ɗinta ba. To amma sanyi ma ba ya barin sa ya sake. Tukunyar gas in ta yi sanyi ƙarfinta raguwa yake, wuta ta koma kamar ta aci-balbal, sai da ya tsoma gindinta a baho na ruwan ɗumi. Tiyon ruwa ya daskare tun da safe, da bokiti yake jido daga cikin gida. Tsiron sha'ir ɗin kuma dole ya zauna a ruwa mai zafin wajen digiri 66 na tsawon awa guda kafin zaƙinsa ya fito, don haka ya lulluɓe mazubin da tsohon bargo biyu.

Da ya sauke, ni da kaifin basirata na ce masa ya dasa tukunyar a cikin tulin dusar ƙanƙara ta huce nan take. Ya yi dariya. Ashe dusar narkewa take yi a gefen tukunya ta bar rami, sauran kuma ta zame mata bargo. Baho ya cika da ruwa da ƙanƙara, yana motsawa.

Duk da wannan wahala, sanyin nan abokinsa ne. Irin giyar da yake so, lager, yis ɗinta yana aiki ne a wajen digiri 10, sannan a ajiye ta makonni dab da daskarewa. A Bavariya ta Jamus, a 1553, doka aka yi cewa ba a dafa giya sai daga 29 ga Satumba zuwa 23 ga Afrilu, saboda ta bazara lalacewa take yi. Wato su gudun tsami suka yi, suka fake da hunturu.

Kakata ba ta da inda za ta fake. Zafin ƙasarmu zai sa tsami ko ka so ko ka ƙi, sai ta mai da tsamin ya zama ma'aikacinta. Ta jiƙa jar dawa, ta shanya a inuwa ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa har ta tsira, ta busar a rana, a kai niƙa. A dama, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, washegari a sake dafawa. In ya huce ta zuba ɗan ragowar na jiya, kwana biyu randa na ɓulɓula. Wannan tsamin na kwana ɗaya shi ke hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Ba ta taɓa jin sunansu ba, amma ba ta taɓa tsallake matakin ba. Ma'aunin zafinta bayan hannunta ne. Kuma in hunturu ya kama, randa ta yi nawar tashi, sai ta ja ta kusa da murhu ta naɗe da buhun algarara. Da na ga bargon maƙwabcina, buhun nan na tuna.

Shi ya sa nake jin haushi in na ji 'yan bokonmu na nan suna yaba giyar ƙananan masu dafawa ta Turawa, har da mai tsamin da ake sayarwa da tsada, amma a ambaci burukutu su yatsine fuska. Sani ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne wane ne ke yi, kuma don me. Maƙwabcina nishaɗi yake yi. Tun da shugaban ƙasa na lokacin, Jimmy Carter, ya sa hannu a dokar 1978, baligi a Amurka zai iya dafa galan 100 a shekara, muddin ba sayarwa zai yi ba. In ta lalace ya zubar ya sake. Kakata in randa ta lalace, kuɗin dawa ya tafi, na itace ya tafi, kuma burukutu ba ta jiran kowa: in ba ta ƙare a kwana biyu zuwa uku ba, ta zama ruwan tsami.

Ba na rufe ido a kan aibin. Na ga ruwan rafi da ake ɗebowa, na ga ƙoƙo ɗaya yana zaga bakin mutum goma, na kuma ga kawunnaina da suka sha gonakinsu a gindin randa. Amma waɗannan laifin talauci ne da na mashaya, ba na gwanintar mai dafawa ba. Da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanonin giya dawa suka koma wa, wadda matan ƙauye suka daɗe da sanin yadda ake tsirar da ita.

Shi maƙwabcina komai a littafi yake rubutawa, awo da minti da digiri. Da na ba shi labarin kakata ya ɗauko biro ya tambaye ni kwana nawa dawa take yi kafin tsiron ya isa. Da dare na kira goggona ta WhatsApp.

"Kai ɗan nan, wane irin kwana nawa? Sai ka ɗaga ganye ka duba, ka tauna ɗaya. In hunturu ne ka ƙara mata kwana." Sai ta yi shiru kaɗan. "Au, Baturen namiji ne? Shi yake tsaye a kan tukunya? To matarsa me take yi?"