Annie Wittenmyer: matar da ta fara kishin ƙasa daga kwanon majinyaci

Duk ranar 15 ga Janairu, idan na ga manya suna ajiye furanni ana sakin tattabaru domin tunawa da sojojinmu da suka kwanta dama, wata Ba'amurkiya ce ke faɗo mini a rai. Sunanta Annie Wittenmyer, an haife ta a jihar Ohio a 1827, ta yi zaman aure a garin Keokuk na jihar Iowa.

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, ta shiga ƙungiyar matan garinsu masu tara barguna da bandeji da abinci, kuma ita ke bin kayan har asibitocin soja. Wata safiya, a wani asibiti da ke Sedalia a jihar Missouri, sai ta yi kiciɓis da ƙanenta David a kwance, taifot ya cinye shi. A gabanta aka kawo masa karin kumallo: baƙin kofi, da yankan burodi, da soyayyen naman alade yana iyo cikin mai. Yaron ya kau da kai. Mai lafiya ma da ƙyar zai haɗiyi wannan, balle wanda hanjinsa ya kumbura. A wancan yaƙin kuwa, cuta ta kashe sojoji kusan ninki biyu na waɗanda harsashi ya kashe.

Daga wannan kwanon ta ɗauko aikinta. A 1864 ta sa aka soma buɗe madafa ta musamman a asibitocin soja, mata biyu na kula da kowace, likita ya faɗi abin da cikin kowane majinyaci zai iya ɗauka, su kuma su tabbatar shi aka dafa. Kafin a gama yaƙin an sami kimanin ɗari. Ta kuma tsaya kai da fata sai da aka kafa gidan marayun sojoji a Davenport a 1865.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan an ajiye bindiga, lokacin da kowa ya koma harkar gabansa. A 1889 aka zaɓe ta shugabar Woman's Relief Corps, ƙungiyar mata mai tallafa wa tsofaffin sojojin ɓangaren Arewa a yaƙin basasar. Ƙungiyar tana ƙawata kaburbura da furanni, tana raba tutoci a makarantu, kuma ban raina wannan ba, don al'ummar da ta manta matattunta ta yi asara. Amma Annie ta san fure ba ya biyan kuɗin haya. Ta nemo kuɗi aka buɗe gida a Madison ta jihar Ohio domin zawarawan sojoji da iyayensu mata da waɗanda suka yi jinyarsu. Sannan ta tare a Washington tana bin 'yan majalisa, har aka yi dokar 1892 da ta ba matan da suka yi jinya a yaƙin fansho na dala 12 a wata. Shekara 27 ke nan bayan ƙarewar yaƙi!

Gaskiya ɗaya ce, dokar ba ta share hawayen kowa ba. Mata da yawa, musamman baƙaƙen fata, an rubuta su a takarda a matsayin masu girki ko wanki, don haka ba su sami ko sisi ba, alhali su ma sun kwana a kan majinyata. Wannan tabo ne, ba na ɓoye shi.

Duk da haka ina ganin akwai abin dubawa a nan gida, inda matan sojojin da suka faɗi a Borno da Zamfara ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis. A ƙungiyoyin matan hafsoshinmu, shugabanci yakan bi muƙamin miji ne, idan ya sauka ita ma ta sauka. Rabon shinkafa da atamfa alheri ne, Allah Ya saka. Sai dai bazawarar soja ta fi bukatar wadda za ta zauna a kan maganar haƙƙinta shekara da shekaru, ta san lambar fayil, ta san ƙofar da za a buga.

Ita kanta Annie sai a 1898 majalisa ta amince da nata fanshon, tana da shekara 70 da 'yan kai. Ba ta ci shi shekara biyu cikakku ba, ta rasu ranar 2 ga Fabrairu, 1900, a Sanatoga ta jihar Pennsylvania.