Shaihu Umar ba littafin 'yan makaranta ba ne

Ina aji uku na sakandare aka ɗora mana Shaihu Umar, kuma gaskiya ban so shi ba. A lokacin Ruwan Bagaja ne gwanina. Alhaji Imam ya shirya wa Malam Zurƙe gadar zare, Zurƙe ya rama, mu kuwa muna ta dariya har malami ya tsawata. Shi ko littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa sai na ga kamar wa'azi ne mai tsawo. Na haddace sunaye, na ci jarrabawa, na ajiye.

Bana na sake ɗaukarsa, ina da 'ya'ya uku, sai na kasa barci.

Littattafan nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haife su, tare da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Tafawa Ɓalewa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin makaranta a Bauchi, ya zauna ya rubuta labarin bauta, alhali waɗanda suka ga cinikin bayi da idonsu suna nan da rai.

Abin da yaro ba zai gani ba shi ne, labarin na uwar ne. Sunan Umar ke bisa bango, shi ne kuma yake ba ɗalibansa labari a Rauta, amma duba yadda rabo ya kasu. An sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita fa? Mijinta Makau an yi masa sharri a fada an kore shi. Ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka ƙetara da ita Sahara. Da ƙyar suka haɗu a Tarabulus, kuma ba ta daɗe ba rai ya yi halinsa. Duk wanda ya ga uwa tana sayar da gona a Zamfara ko Katsina don fansar ɗanta daga 'yan bindiga ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan babi.

Akwai inda na yi jayayya da marubucin, Allah ya jiƙansa. Umar yana ba da labarin nan cikin natsuwa, komai ya danganta shi da ƙaddara, ba ka jin zafin rai a bakinsa. Wasu za su ce wannan shi ne haƙuri irin na malamai, kuma shirun ne ke ƙara wa labarin nauyi. Ban musa ba. Amma kirkin Abdulkarim ya yi yawa har yana neman rufe mana cewa fataucin mutane ne ya kai yaron hannunsa.

Irin wannan musu ɗan shekara sha huɗu ba zai iya shi ba, balle ana tambayarsa "wane ne Makau?" don maki biyu. Ban ce a cire littafin daga manhaja ba. Iyayen yaran nake so su ari kwafin idan yaran sun yi barci.