Dutse ba ya tambayar albashi

Don Allah masu ta turo min hoton mutum-mutumin nan na asibitin Whittington da ke Landan kuna cewa "ku ga yadda Turawa ke karrama nas da ungozoma, mu ma a yi mana", ku sarara min haka. Na gani. Mace rungume da jariri, dutse mai nauyin tan 16, an buɗe shi a Satumban 2021. Ya yi kyau. To sai me?

Wai an sassaƙa shi ne don tunawa da nas da ungozomomi kusan 40,000 da suka baro Karebiya da Afirka da sauran ƙasashen renon Ingila tsakanin 1948 da 1973, suka je suka riƙe musu asibitoci. Da yawansu an tura su ƙaramin kwas na shekara biyu, wanda mai shi ba ta cika samun ƙarin girma ba. Sun yi aikin dare, sun kwashe kashi da jini, sun sha wariya. Sai da aka shekara kusan hamsin, wasu sun kwanta dama, sannan aka tuna da su. Kuɗin ma sai da aka yi karo-karo.

Kuma a wannan shekarar ta 2021, cikin Maris, gwamnatin ƙasar ta ce ƙarin albashin da za ta iya yi wa ma'aikatan asibiti shi ne kashi 1 cikin 100. Mutanen da aka riƙa fitowa ƙofar gida duk Alhamis ƙarfe takwas na dare ana yi musu tafi lokacin korona! Tafi kyauta ne ai. A Disamban 2022 nas-nas ɗin suka tsunduma yajin aikin da babbar ƙungiyarsu ba ta taɓa yin irinsa ba tun kafa ta a 1916.

Shi ya sa manya ke son dutse. Dutse ba ya tambayar albashi. Ba ya cewa a ƙaro ma'aikata, ba ya neman alawus ɗin dare, ba ya yajin aiki. A yaye masa ƙyalle, a ɗauki hoto, a watse.

Yanzu kuna so a kwaso mana wannan romon bakan? Mu da nas ɗinmu suka shiga yajin gargaɗi a ƙarshen Yulin 2025 a kan alawus da ƙarancin ma'aikata? Mu da a 2024, da aka ga suna ta guduwa Ingila, dabarar da hukumarsu ta fito da ita ita ce sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardu? Ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya saboda an ɗauke wuta, miji na waje an aike shi sayo safar hannu, ku je ku ce mata za a sassaƙa ta a shataletale, ku ji amsar da za ta ba ku. Wallahi ina tausayin matan nan. Mutum ɗaya, ɗaki cike da masu naƙuda, har asuba.

Masu cewa ai gunki ne haramun, wannan ku da malamai, ba shi ya dame ni yau ba. Masu cewa tarihi ake adanawa kuwa, cikinku wa ya san Kofoworola Pratt? 'Yar Najeriya ce, ta yi karatun jinya a asibitin St Thomas na Landan, ta dawo ta zama shugabar nas-nas ta ƙasa. Ku sa ta a littafin makaranta mana. A biya masu rai tukuna.

Af, ku kuma nas ɗin, kada ku ce na zama lauyanku. Waccan ɗabi'ar ta daka wa mace tsawa tana tsakiyar naƙuda, "ke rufe mana baki, a kanki aka fara?", ba ƙarancin albashi ba ne, rashin tarbiyya ne. Akwai wadda tun haihuwar fari ta rantse ba za ta sake zuwa asibiti ba saboda wannan. Sai na samu caji, za mu yi wannan maganar.